Wa ke da hanya bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa?

A duk ƙarshen damina, da zarar an fara yankan gero a ƙauyukan Kusada da Kankiya, akwai lissafin da manomi da direba da ɗan kasuwa kan yi wanda ba ya cikin kasafin kuɗin kowace gwamnati. Lissafin shi ne nawa za a ɗora wa buhu ɗaya kafin ya fito bakin kwalta. Idan ruwan watan Agusta ya cinye kwalbati ko ya yanke hanya, mai mota ba zai shiga ba, sai a koma ga babur ko amalanke, a sauke kaya a sake lodi. Kowace saukewa kuɗi ce, kuma kuɗin ba ya tsayawa a ƙauye. Yakan bi buhun har kasuwar Charanchi, har Dawanau, har ya iske ma'aikacin gwamnati a Katsina ko Kano yana kukan tsadar tiya.

Dudunni, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Kusada, wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan al'amari daga cikinsa. A ƙidayar 2006 an samu mutum kimanin dubu 99 a Kusada, da kimanin dubu 151 a Kankiya, kuma jama'a sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa yankin, ta Gidan Mutum Ɗaya inda hanyar Malumfashi da Funtuwa ta rabu, sannan ta garin Kankiya inda ake karkatawa zuwa Dutsin-Ma ko Ingawa. Sai dai mafi yawan mutanen ba a bakin wannan hanya suke zaune ba. Tsakaninsu da ita akwai ƙananan hanyoyi, wasu na kwalta, wasu na burji, wasu kuma turba ce kawai da ƙafa da taya suka fitar.

Ba a rasa jin sanarwar sababbin kwangilolin hanya a kowace shekara, daga Abuja ko daga Gidan Gwamnati a Katsina. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ranar da aka yanke ƙyalle, 'yan rakiya suka watse, ɗan kwangila ya loda gireda da rola ya tafi, wa aka damƙa wa hanyar, kuma da wane kuɗi zai kula da ita? Amsar wannan tambaya ce ke raba hanyar da za ta yi shekara ashirin tana aiki da wadda za a sake bayar da kwangilarta kafin yaran da aka haifa ranar buɗe ta su gama firamare.

Hanya ɗaya, iyayengiji uku

Wanda ya taso daga Dudunni zuwa birnin Katsina zai iya taka hanyoyin gwamnatoci uku kafin ya isa, ba tare da ya ga wata alama da ta nuna masa inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Hanyar Kano zuwa Katsina ta Gwamnatin Tarayya ce. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ke gina irinta, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 kuma ke da alhakin gyara. Hanyoyin da suka haɗa hedikwatocin ƙananan hukumomi da manyan garuruwa galibi na jiha ne, ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Jiha da hukumar gyaran hanyoyi ta KASROMA. Ragowar, wato titunan cikin gari da lunguna da magudanan ruwa da hanyoyin ƙauyuka, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina su da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

A nan ne lissafin ya karkace. Cikin hanyoyin Najeriya da tsawonsu ya kusa kilomita dubu 200, na tarayya ba su wuce kilomita dubu 35 da ɗoriya ba, yayin da kusan kashi biyu cikin uku ke wuyan ƙananan hukumomi. Amma a rabon kuɗin asusun tarayya, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Daga wannan kason ne ake biyan albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na matakin farko da sauran ma'aikata. Abin da ya rage wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma irin Kusada ba ya yin ko kusa da nauyin da doka ta ɗora masa.

Akwai kuma hanyoyin da ba a san uban gidansu ba tun ranar haihuwa. Ɗan majalisar tarayya kan sa titi a kasafin kuɗi a matsayin aikin mazaɓa, a bayar da kwangilar ta hannun wata hukumar tarayya da aikinta na asali ba gina hanya ba ne. Idan an gama, hukumar ba ta da kasafin gyara shi, jiha ba ta san da shi a rajistarta ba, ƙaramar hukuma kuma ba a miƙa mata shi a rubuce ba. Titin da aka yi ta wannan hanya maraya ne, kuma ramin farko da ya fito a kansa ba shi da ofishin da za a kai ƙararsa.

Yadda kwalta ke mutuwa

Injiniyoyin hanya sun yi ittifaƙi a kan cewa babban abokin gabar kwalta shi ne ruwa. Baƙin saman da ido ke gani bai wuce 'yan santimitoci ba, kuma aikinsa na farko shi ne ya hana ruwa isa ga tsakuwa da jar ƙasar da aka daddaɓe a ƙarƙashi, domin su ne ke ɗaukar nauyin mota. Zafin bazara kan busar da kwaltar ta tsattsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwan damina ke bin tsagar ya jiƙa ƙasan, taya ta bi ta kai ta lotsa wurin. Abin da tulun kwalta guda zai toshe a watan Afrilu yakan zama rami a Agusta, ya zama kududdufi a damina ta gaba, a ta uku kuma sai an kankare wurin an sake shi daga tushe.

A cikin garuruwa irin Kankiya da Kusada, abin da ke gaggauta wannan mutuwa a bayyane yake. Magudanar ruwa kan cika da yashi da leda da shara, ruwa ya rasa hanya ya hau titi ya kwanta. Akan fasa kwalta a ratsa da bututun ruwa ko a gina tudun rage gudu, a mayar da ƙasa ba tare da an daddaɓe ba. Baƙin mai da dizal da ke zuba a inda ake gyaran mota a bakin titi suna narkar da kwalta. A ƙasa mai yashi irin ta tsakiyar Katsina kuwa, idan ruwa ya ci kafaɗar hanya, gefen kwaltar kan rasa madogara ya riƙa gutsurewa har hanyar ta tsuke.

Abokin gaba na biyu shi ne nauyi. Wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa hanya ba ta tafiya daidai da nauyinta, ninkuwa take yi. Idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau goma sha shida. Ma'anar wannan ita ce tirela guda da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban ƙananan motoci illa. Ƙasashen ECOWAS sun amince da iyakar nauyin da babbar mota za ta ɗauka, amma ba tare da sikelin auna motoci mai aiki a kan hanya ba, ƙa'idar a takarda take. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 zai bi ta Kazaure da Daura ne, don haka ko an gama shi, hatsi da siminti da taki na yankin Kankiya za su ci gaba da tafiya a kan taya.

Tun a 1988 Bankin Duniya ya fitar da wani rahoto da ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45, asarar da gyaran da bai kai na dala biliyan 12 ba zai iya hanawa. Wannan lissafi bai tsufa ba. Duk nairar da aka hana wa gyara a yau, bashi ce da za a biya ninki uku ko huɗu a gaba, ban da abin da direbobi za su kashe a kan taya da sifirin da mai a tsakani.

Me ya sa aka fi son sabuwar kwangila?

Idan rigakafi ya fi magani arha haka, me ya sa gwamnatoci ke jira sai hanya ta mutu? Dalili na farko na siyasa ne. Sabon titi yana da ranar aza harsashi da ranar buɗewa, yana da allo mai ɗauke da hoton mai girma, ana kuma lissafa shi da kilomita a jawabin cika shekara. Yashe magudanar ruwa da toshe tsaga ba su da biki. Hanyar da aka kula da ita ba ta lalace ba, ba a ganin aikin da aka yi mata, kuma ba wanda zai yi wa shugaba waƙa a kan ramin da bai fito ba.

Dalili na biyu yana cikin tsarin kasafin kuɗi kansa, kuma ma'aikatan gwamnati sun fi kowa saninsa. Gina sabuwar hanya ko sake gina wadda ta mutu yana shiga ɓangaren manyan ayyuka. Ƙaramin gyara na yau da kullum kuwa yakan faɗa ɓangaren kuɗin gudanarwa, wanda shi ake fara datsewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Gwamnatoci na alfahari da girman kason manyan ayyuka, kuma kasafin Jihar Katsina na 'yan shekarun nan ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ware wa wannan ɓangare fiye da kashi 70 cikin ɗari. Wannan abin yabo ne ta wata fuskar, amma yana da wani sakamako da ba a faɗa: duk kilomitar da aka ƙara a bana ƙarin nauyin gyara ce a kan kasafin baɗi da na shekaru ashirin masu zuwa. Tsarin da ke buɗe lalitar gwamnati ga hanyar da ta mutu, ya rufe ta ga wadda ke neman ɗan magani, yana ba da lada ne ga sakaci.

Dalili na uku shi ne wanda aka fi yin raɗarsa. Babbar kwangila tana da kuɗin kafin alƙalami, tana da damar neman ƙarin kuɗi daga baya, tana kuma da hannaye da yawa da takarda za ta bi. Aikin faci na 'yan miliyoyi ba shi da wannan armashi ga mai neman abin sawa a aljihu.

Inda kwangila ke yoyo

Doka ba ta yi shiru a kan yadda za a bayar da aikin gwamnati ba. Dokar bayar da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta sa gasa a fili ta zama ginshiƙi: a tallata aiki, masu nema su miƙa farashinsu a rufe, a buɗe a gaban jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari, kafin Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30, kuma ba a bayar da shi sai da lamunin banki ko kamfanin inshora. Ta nemi ɗan kwangila ya ajiye lamunin kammala aiki da bai gaza kashi 10 ba. Ta haramta daddatsa aiki ɗaya gida-gida don a kauce wa matakin amincewa na sama. Ta kuma ce idan gwamnati ta wuce kwana 60 ba ta biya aikin da aka tantance ba, kuɗin ruwa ya hau kanta. Wannan doka ta shafi ayyukan tarayya ne, jihohi kuma kowace da tata, ciki har da Katsina mai hukumarta ta sa ido a kan kwangiloli.

Matsalar tana tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi. Yoyon farko yana faruwa tun kafin a tallata aiki, idan aka bayar da hanya ba tare da an gwada ƙasar wurin ba, ba a auna yawan ruwan da zai bi ta kowace kwalbati ba, ba a kuma ƙirga manyan motocin da za su hau ta ba. Tun ran gini tun ran zane. Hanyar da aka zana a ofis ba a taka wurin ba, dole a zo ana neman ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki, ko a gama ta ruwan farko ya nuna inda aka yi kuskure.

Yoyo na biyu yana wajen zaɓe. Mafi arha ba kullum ne mafi alheri ba, araha ba ta ado. Kamfanin da ba shi da injin daddaɓe ƙasa ko injiniya na dindindin yakan karya farashi don ya samu aikin, sannan ya sayar da shi ga wani, wannan ma ya sayar wa na uku. Kafin a zuba tifar farko, an riga an yanke riba biyu daga kuɗin, kuma daga kaurin tsakuwa da na kwalta za a fanshe ta. Wannan ragi ido ba ya ganinsa ranar buɗewa. Sai damina biyu sun wuce yake bayyana.

Yoyo na uku yana wajen sa ido. Injiniyan gwamnati da ke duba aiki shi ne zai sa hannu cewa an daddaɓe kowane hawa yadda ya kamata kafin a ɗora na gaba. Idan ba shi da motar zuwa wurin sai wadda ɗan kwangila ya ba shi, ba shi da kuɗin gwaji sai wanda ɗan kwangila ya biya, to sa hannunsa ya rasa nauyi. A al'adar kwangilar hanya ana riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin har sai an yi kimanin shekara guda da gama aiki, domin duk abin da ya lalace a wannan tsakani ɗan kwangila ne zai gyara da kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma wannan sharaɗi ba ya aiki sai akwai wanda ya koma ya zagaya hanyar bayan damina, ya rubuta abin da ya gani kafin a saki ragowar kuɗin.

Adalci ne kuma a faɗi cewa ba kowane aikin da ya tsaya ne laifin ɗan kwangila ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Litar dizal ta wuce naira dubu, buhun siminti ya taɓa naira dubu goma a wasu wurare a farkon 2024. Ita kanta kwaltar daga waje ake sayo ta da dala, duk da tarin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa a Ondo da Ogun, kuma matatar Kaduna da aka gina da sashen samar da ita ta daɗe ba ta aiki. Wanda ya sa hannu a kan farashin farkon 2023, aka kuma riƙe masa biya wata da watanni yana biyan banki ruwa, zaɓinsa biyu ne: ya tsaya, ko ya rage inganci. Jinkirin biya shi ma wata hanya ce ta kashe titi. Aikin mayar da hanyar Kano zuwa Katsina tagwaye, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ke yi, ya shafe shekaru masu yawa ana yi ana tsayawa, kuma matafiyan da ke bi ta Bichi da Tsanyawa zuwa Kankiya sun san abin da jan aiki ke jawowa.

An sha gwadawa

Tarihi ya nuna cewa Najeriya ta iya gina hanya a lokacin yalwa, abin da ta kasa shi ne samar wa gyara kuɗi mai ɗorewa. A zamanin En'e akwai leburorin hanya da aka raba wa kowane rukuni yankinsa, suna cike rami suna share magudana duk shekara. Aiki ne na shebur da baro, amma kowane yanki na hanya yana da wanda za a tambaya. Hukumar DFRRI da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1986 ta fasa hanyoyin karkara da yawa, mafi yawansu kuma suka koma yadda suke saboda ba a bar wa kowa kuɗin kula da su ba. Asusun PTF da Janar Muhammadu Buhari ya jagoranta a shekarun 1990 ya farfaɗo da manyan hanyoyi, aka rushe shi a 1999. A ƙarshen 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗin hanya. A 2007 aka gyara dokar FERMA aka tanadi cire kashi 5 cikin ɗari daga farashin fetur da dizal domin gyaran hanya, kashi 40 na kuɗin ga FERMA, kashi 60 ga hukumomin gyaran hanya na jihohi. Shekaru suka yi ta wucewa ba a aiwatar da tanadin ba.

Wasu ƙasashen Afirka sun bi wata hanyar. Ghana ta kafa asusun hanya tun 1985, Kenya kuma ta kafa dokar harajin gyaran hanya daga kuɗin mai a 1993. 'Yan kasuwar da ke tsallakawa Maraɗi ta Jibiya sun san kuɗin hanyar da ake biya a Jamhuriyar Nijar, wanda aka tsara ya shiga asusun gyaran hanyoyi. Ko a waɗannan ƙasashe ana kukan ƙarancin kuɗi da karkatar da shi, amma darasin yana nan: gyara aiki ne na kowace shekara, don haka yana buƙatar kuɗin da ke shigowa kowace shekara ba tare da jiran alherin wani ba.

Wannan tunani ne ke cikin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, kuma Katsina na cikin jihohi 13 da aka fara da su. Shirin bai tsaya ga gina hanya ba, ya nemi kowace jiha ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun hanya na musamman. Ma'aunin nasararsa a yanki irin Kusada zai bayyana ne bayan kuɗin bankin ya ƙare, lokacin da za a ga ko jiha na ci gaba da zuba nata kason a asusun.

Hukuncin Kotun Ƙoli da abin da ya rage

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, kuma zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai ke da haƙƙin riƙe kuɗin. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa da muhawara a kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya. A Katsina an gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi 34 a watan Fabrairu 2025. A lokaci guda kuma, kuɗin da ake rabawa duk wata daga Abuja ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira tun bayan cire tallafi.

Wannan dama ce, kuma tana da haɗarinta. Idan kuɗi ya isa hannun shugaban ƙaramar hukuma ba tare da an sauya tsari ba, abin da ake yi a sama shi za a maimaita a ƙasa: a zuba kwalta rabin kilomita a gaban sakatariya, a kafa allo, a bar kwalbatin da ke haɗa ƙauyuka biyar da kasuwa tana jiran ruwan da zai tafi da ita. 'Yancin kuɗi ba ya haifar da injiniya, ba ya kuma tayar da giredar da ta shekara goma a kan duwatsu a harabar sashen ayyuka.

Abin da ƙananan hukumomi irin Kusada da Kankiya ke buƙata ba ya da tsada idan aka gwada da kuɗin sabon titi. Na farko, rajistar hanyoyi: kowace hanya da tsawonta da kwalbatocinta da halin da take ciki da sunan gwamnatin da ke da ita, a sabunta ta duk bayan damina. Na biyu, kaso tsayayye na gyara a kasafin kuɗi, wanda za a saki kafin watan Mayu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yashe magudana a watan Agusta aikin baban giwa ne. Na uku, ƙananan kwangilolin kula da hanya na shekara biyu ko uku ga ƙungiyoyin matasan yankin, kowace da yankinta, a biya su bisa halin da aka samu hanyar a ranar duba, ba bisa yawan tifar da suka ce sun zuba ba. Na huɗu, kada a karɓi sabon titi daga jiha ko daga ɗan majalisa sai da takardar miƙawa da ta fayyace wanda zai kula da shi. Shirin raya al'umma da gwamnatin jiha ta shimfiɗa a mazaɓu 361 ya samar da zauren da mutanen Dudunni za su iya gabatar da irin wannan buƙata da sunan mazaɓarsu.

'Yan kasuwa da ma'aikata ma suna da abin yi, domin su ne ke biyan kuɗin lalacewar hanya a farashin kaya da kuɗin mota. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi. Hukumar ICPC na bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019, tana kuma karɓar ƙorafi. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi da ta san kuɗin aiki da tsawonsa da kaurin kwaltar da aka yi alkawari da ranar da wa'adin gyaran ɗan kwangila zai ƙare, ta fi ƙarfin a sallame ta da jawabi. Su ma masu shaguna a bakin titi, sharar da ke toshe magudana daga ƙofarsu take fitowa.

Nan da 'yan watanni za a sake karanta kasafin kuɗi, za a kuma lissafa sababbin kilomitoci da biliyoyin da aka ware musu. Ga mai buhun gero a Dudunni, layin da ya fi shafar aljihunsa shi ne ƙaramin nan da ke can ƙasan shafi, wanda ke nuna abin da aka ware don kula da hanyoyin da ake da su, da kuma ko an saki kuɗin kafin hadarin farko ya haɗu a gabas.